Wani Yaro Daga Unguwarmu

Ko da zan manta da ranar ɗaurin aurena (matata ta yi haƙuri), ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kai mahaifiyata wajen likitan ƙwaƙwalwa a Fatakwal ba. Ita aka kawo wa kujera da ruwan sanyi. Ni kuwa saura ƙiris a karɓe mini agogo a ba ni gado.

Kafin in kai ku asibitin, sai kun san Inna. 'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Katsina, an kawo ta unguwar Diobu ta Fatakwal tana amarya, lokacin Babanmu yana dillancin shanu a kwatar Trans-Amadi. Ta zauna a garin nan har ta iya Buroka, wato Turancin kasuwa, fiye da ni da aka haifa a cikinsa, ta tsinci yaren Ibo na ciniki, ta koyi cin garin rogo da miyar ganye. Abu ɗaya ne ruwan Fatakwal ya kasa wanke mata, wato kunyar ɗan fari. Ni ne kuma ɗan farin. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ni ne "yaron nan", ni ne "wancan", in ranta ya ɓaci kuma ni ne "masu gida". Ba ta kallona ido cikin ido. In tana so in ci abinci, bango take gaya wa cewa tuwo zai huce. In aka tambaye ta 'ya'yanta, daga Hadiza take farawa, ƙanwata da ke aure a Anacha, ta ƙare da Sani, autanmu da ke Inugu. Ni sai dai a lissafa ni cikin kayan ɗaki. Na saba, ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, don duk Hausawan Mile One sun san zancen.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, Inna ta gama takaba, sai girman kai irin na babban ɗa ya motsa mini. Tana da rumfa a kasuwar Mile One, tana sayar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Na ce ina! Ni da nake aiki a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, a ce mahaifiyata tana korar ƙuda a bakin rumfa? Me mutane za su ce? Na rufe rumfar, na ɗauko ta na dawo da ita gidana a Rumuokoro, na shimfiɗa mata kafet, na kafa mata talabijin mai faɗin ƙofa. Na tsaya a bakin ɗakin ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci, na ce, "Inna, wahala ta ƙare. Ki huta."

Ta kuwa huta. Ta huta har ta daina magana, ko da bangon. Abinci yadda aka kai shi haka yake dawowa. Rediyonta da ba ta rabuwa da shi ya yi ƙura. Sai ta zauna a bakin taga tun safe tana kallon katangar maƙwabta, zobenta ya fara yi mata yawa a yatsa. Na ji tsoro, gaskiya, amma da yake ni ne mai hikimar gidan, maganin da na kawo shi ne ƙarin tashoshi a talabijin.

Kwatsam sai abu ya juya. Inna ta fara fita. Da na tafi aiki sai ta saka hijabi ta ɗauki jaka, ba ta dawowa sai la'asar. Filas ɗin shayi suka fara ɓacewa a gidan, in sayo wannan, wancan ya yi ƙafa. Wani abokina ya ce ya gan ta a tashar Rumuokoro tana riƙe da hannun wata mata da bai sani ba. Wata rana na dawo da wuri na same ta a kicin ita kaɗai tana magana da Buroka, tana tambaya tana ba kanta amsa, har da dariya. Na tambayi matata, ta ce ita ba ta lura da komai ba (daga baya na gano ita ke dama kunun da ake cika filas ɗin da shi, Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa). Inna kuwa ba a tambayarta. Na gwada sau ɗaya, ta gaya wa labule cewa tsofaffi ma suna da ƙafa.

Sai na yi abin da duk mai wayar hannu da ƙarancin tawakkali yake yi, na shiga intanet. Kafin in gama shayina na zama ƙwararre a kan cutar mantuwa ta tsufa. Yawo ba dalili, akwai. Ɓatar da kaya, akwai. Magana da kai, akwai. Na kira Hadiza, ta fashe da kuka, ta ce a kawo mata Inna Anacha, tana da ɗaki a saman bene mai ƙofar ƙarfe, ba inda za ta fita. Muka tsayar da magana cewa in likita ya tabbatar, ƙarshen mako Inna ta bar Fatakwal ke nan, garin da ta binne mijinta, ta koma bayan ƙofar ƙarfe. Mun yanke wannan hukunci kuma ba wanda ya tambayi mai ƙafar.

Saura yadda za a kai ta asibiti. Na san in na ce ita za a duba, ko da kurar ruwa ba za a ja ta ba. Sai na ƙirƙiro dabara, wadda a lokacin na ɗauka ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Na tsaya a ƙofar ɗakinta na dafe kai, na ce, "Inna, kwana biyu ba na barci, kaina kamar zai rabe. Ko za ki raka ni asibiti?" Ban rufe baki ba ta miƙe, ta saka hijabi, ta ɗauki filas. Har ta gaya wa bango sunan asibitin da ya kamata a je, babban asibitin gwamnati, wanda dama can nake nufi. Na ce a raina, ka ga aiki da ilimi.

Ranar an kwana ana ruwa, irin na Fatakwal da ba ya jin roƙo. Motata ta ƙi tashi, muka hau keke. Wajen sauka na taka abin da na ɗauka dakali ne, ashe kwata ce cike da ruwa. Ƙafata ta shige har gwiwa, ta fito, takalmin bai fito ba. Wata mai sayar da lemu ta tausaya mini ta ba ni aron silifa ɗaya, ja, na mata. Ku haɗa hoton da kanku: ƙato da gemu, idanu jajur don fargaba ta hana ni barcin gaske, wando rabi laka, ƙafar dama takalmin ofis, ta hagu jan silifa mai fure. A gabansa kuma wata dattijuwa fes, hijabi a goge, tana tafe kamar mai zuwa duba gonarta.

Tun daga ƙofa na fara ganin abin da ban gane ba. Mai gadi ya miƙe ya sara mata, ya ce, "Mama Hausa, you don come!" Wata mai shara ta ajiye tsintsiya ta rungume ta. Maimakon hankalina ya ba ni, sai na ce a zuci, wayyo, ashe har nan yawon yake kawo ta, har sun saba da ita. Na ƙara jin tausayinta. Ita ce ma ta nuna mini hanyar ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, don na gaya mata a can ake duba rashin barci.

Muka tarar da wata nas mai jiki, Sista Boma, a bayan tebur. Ta ga Inna ta washe baki, ta sa aka kawo kujera da ruwa, sannan ta dube ni daga gemu har silifa, ta tambaye ta wa ta kawo musu yau. Inna ta gyara hijabi, ta kalli fanka, ta ce, "Na one boy for our side. E no dey sleep." Wai wani yaro ne daga unguwarsu, ba ya barci.

Na yi murmushin manya. Na matsa kusa da teburin, na fara ƙifta wa Sista ido don ta gane akwai magana a ƙasa. Ba ta gane ba, na ƙara ƙiftawa, da ƙarfi. Ta daina murmushi ta fara kallon idon. Sai na sunkuya na raɗa mata da Turancina na ofis, wanda nake ajiyewa don manyan baƙi, cewa ni lafiyata ƙalau, tsohuwar ce ba ta da lafiya, dabara na yi na kawo ta, kada a bari ta sani.

Sista Boma ta gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da ake yi wa yaro mai ba da labarin aljanu. Ta ce to, ta ji, in zauna. Ta tambaye ni tun yaushe nake jin cewa sai na yi wa mutane dabara.

Na ce ba ta fahimta ba, wannan mahaifiyata ce.

Ta juya wajen Inna. "Mama, na your pikin?" Wai ko ni ɗanta ne.

Jama'a, a nan ne duniya ta tsaya mini. Na san amsar da ke cikin Inna, na kuma san ba za ta fito ba ko za a yanka ta. A gaban mutane, a ce ta buɗe baki ta ce ita ta haifi ɗan fari? Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta juya wa teburin kafaɗa, ta ce, "All of dem na my pikin." Wai duk waɗanda take kawowa 'ya'yanta ne.

Sista ta ce Allah sarki Mama, uwar kowa. Sannan ta gaya mini cikin lallashi cewa sun daɗe da sanin Mama, 'ya'yanta biyu ne, mace a Anacha, namiji a Inugu, har hotunansu sun gani. Ta ce ba laifi ba ne mutum ya ji Mama kamar uwarsa, da yawa suna jin haka.

Nan fa Turancin ofis ya gudu ya bar ni. Na koma Hausa, murya a sama. "Inna, don girman Allah ki gaya musu! Ki faɗi sunana kawai, sau ɗaya!"

Inna ta dubi filas ɗinta ta ce, "Masu suna ai suna da baki."

Na buga tebur (ban yi niyya ba, hannun ne ya tafi da kansa). Wasu ƙarti biyu masu fararen kaya suka taso daga inda ban san suna zaune ba, suka tsaya ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna mini murmushi. Duk wanda ke kan benci ya juyo. A cikinsu ne na hango Malam Sale mai nama, tsohon maƙwabcinmu na Mile One, wanda ya ci tuwon sunana. Ya kawo ƙaninsa ganin likita. Wallahi ban taɓa murnar ganin mahauci kamar ranar ba.

Na ce, "Malam Sale! Alhamdu lillahi! Taso ka gaya musu ko ni wane ne!"

Ya taso, ya cire hula ya mayar, ya gaida Inna da ladabi har da tambayar gajiya da ruwa, sannan ya kama hannuna da hannu biyu. "Sannu Alhaji. Ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya sawwaƙe. Ka kwantar da hankalinka, wallahi ba mai ji a bakina." (Duk wanda ya san Malam Sale ya san wannan rantsuwar daidai take da sanarwa a lasifikar masallaci.)

Na ce ba addu'a na nema ba, shaida nake so. Ya ce ai shaida ba wuya. Ya fuskanci Sista ya yi bayani tiryan-tiryan, cewa ni ɗan Hajiya ne na cikinta, ɗanta na fari, shi ya yanka ragon sunana. Magana ta fito fes, sai dai da Hausa ta fito, don Burokan Malam Sale bai wuce na kilo da rabin kilo ba. Sista ta juya wajen mai fassarar da asibitin ya dogara da ita. Wace ce? Inna.

Inna ta saurari dogon jawabin nan har ƙarshe, ta ce, "E say e sabi am." Wai ya ce ya san shi. Shi ke nan fassarar.

Na zauna. Ɗaya daga cikin ƙartin ya dafa kafaɗata ya ce in saki jiki, nan gida ne. Na sunkuyar da kai, idona ya sauka a kan furen silifa, na ji ina ma kwatar nan ta haɗiye ni gaba ɗaya maimakon takalmi.

Hayaniyar ce ta fito da likita daga ofishinsa, wani dattijo mai furfura da tabarau a kan hanci. Sista ta ba shi labari a taƙaice, cewa ga wani da Mama ta kawo, ba ya barci, yana ƙifta ido, yana cewa Mama ce ta haife shi. Ya dube ni, ya dubi Inna da ta kusa shigewa cikin hijabi, ya sake dubana. Sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ashe a wani ƙauyen Sakkwato ya yi hidimar ƙasa. Da gurguwar Hausarsa ya ce, "Mama, wannan ɗan fari ne?"

Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta miƙe ta ce ana jiranta a ɗakin haihuwa, ta fice da sauri kamar yarinya. Likita ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce wa Sista wannan gudun shi ne amsar. Da ya yi musu bayanin al'adar, Sista Boma ta riƙe baki, ƙartin nan suka koma wurinsu suna waige, ɗayansu ma kamar bai ji daɗin sakina ba.

A ofis na zazzage masa komai, yawon, filas, maganar kicin, har da ɗakin Anacha. Ya bar ni na gama, sannan ya ba ni nasa labarin. Ya ce ranar da Inna ta fara zuwa, wata maƙwabciyarmu ta rako, amarya sabuwar zuwa daga Arewa, naƙuda ta kama ta, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, mijin yana kan hanya. Inna ce ta tsaya tsakaninta da ungozoma har aka sauka lafiya. Washegari aka nemi ta dawo saboda wani tsoho da ya kasa faɗin inda ke masa ciwo. Daga nan ta zama tasu, ba albashi, ba wanda ya sa ta. Tana fassara, tana kai kunu ga waɗanda ba su da kowa, tana zama da masu jinya har su sami barci. Maganar kicin kuwa, sababbin kalmomin asibiti take bita don kada ta yi kuskure a kan ciwon mutum.

Ya ce lokacin da ya fara ganinta, da ni na kawo ta a ranar, da ya karɓe ta a matsayin mara lafiya, don damuwa ta riga ta fara cin ta. Ya ce ya sha ganin tsofaffi irinta, an ɗauke musu kowane nauyi saboda ƙauna, an bar su ba wanda ke jiran su da safe. Ya ce zai duba ta in ina so, amma shi a ganinsa maganin da zai rubuta mata ta riga ta samo wa kanta, kuma in na kulle ta a saman bene, in shirya dawowa da ita ba da daɗewa ba, a lokacin kuma ba za a yi dariya ba.

Sannan ya ce tunda na zo, in miƙo hannu. Ya auna jinina, ya ɗaga gira. Ya tambaye ni yaushe rabona da barci mai kyau, yaushe rabona da zama da abokai, wa nake gaya wa damuwata tun rasuwar Baba. Sai ya jawo takarda ya fara rubutu. Ƙaryar da na shirya don in kawo Inna, ita ce kaɗai gaskiyar da aka faɗa a asibitin nan ranar. Ni na fito da takardar magani.

Da na fito, Sista Boma ta ba ni haƙuri tana danne dariya. Ta ce, "Ashe kai ne." Na ce ni ne wa? Ta ce duk lokacin da suka yaba kyan filas ɗin Mama suka tambayi mai saya mata, sai ta ce wani ne a gidansu, mai kirki ƙwarai, tun yana ƙarami bai taɓa bari ta ɗauki kaya mai nauyi ba, sai dai ya cika damuwa. Na juya na yi kamar ina gyara silifa, don idona ya kawo ruwa, kuma na riga na ba mutanen nan abin kallo isasshe.

Na leƙa ɗakin haihuwa ta taga. Ga Inna a bakin gadon wata yarinya, tana riƙe da hannunta, tana yi wa nas faɗa da Buroka, tana juyowa tana lallashi da Hausa, muryarta har waje. Rabon da in ji wannan muryar tun tana rumfa.

Muka hau keke muka kama hanyar gida. Da muka kusa isa Inna ta gaya wa ƙeyar mai keken, "An ce in huta, na huta. Ina zaune ina jin kamar an riga an yi mini sallah, saura ɗauka. A can kuwa in ban je ba, sai an tambaya ko lafiya." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma a gaya wa masu gida su riƙa shan maganinsu."

Da yamma na kira Hadiza na ce ta zuba buhunan shinkafarta a ɗakin nan mai ƙofar ƙarfe, Inna ba ta zuwa. Ta tambayi abin da likita ya ce, na ce ya ce a samu mai ciwon a riƙa lallaɓa shi. Ban ƙara bayani ba, ban kuma buƙaci yi ba, don kafin magariba labarin ya riga ni isa Anacha ta hannun Malam Sale, ya zarce Inugu, har an ƙara masa cewa sai da aka ɗaure ni.

Yanzu ni nake sauke Inna a ƙofar asibitin kafin in wuce aiki, filas a hannuna, ita a gaba. Mai gadi yana sara mata, ni kuma ya ce mini, "One Boy, how body?" Wai ya jiki. Duk lokacin da na je sayen nama, Malam Sale sai ya rage murya ya tambaye ni ya ƙarfin jiki, ya ɗora mini tsoka ɗaya ta sadaka. Ranar Asabar kuma nakan tsaya in taya ta da maza marasa lafiya da ke jin nauyin faɗa mata ciwonsu, kuma abin haushi, tun da na fara nake barci kamar jariri.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka hutar da tsoho, ka tambaye shi ko ya ce maka ya gaji. In kuma kai ɗan fari ne, duk inda za ka je da mahaifiyarka, ka tafi da wani shaidan daban, wanda ya iya Turanci.